Kiwon Kifin Damina: Sana'ar da Jarinta Ke Kwance a Busasshiyar Ƙasa

Hajar wannan sana'a ba ta da nauyi, ba ta da ƙarni. 'Yar leda ce da ba ta fi tafin hannu ba, a cikinta ɗan dunƙulen baƙar ƙasa mai danshi. A bayanta an manna takarda ɗauke da sunan kifi, da sunan wurin da aka kamo kakanninsa, da ranar da aka kwashe ƙwan, da watan da ya kamata a zuba masa ruwa. Ana sa ledar a ambulan a kai gidan waya, ta yi mako biyu ko uku a hanya, daga Tailan zuwa Jamus ko daga Italiya zuwa Amurka. Wanda ya saya ya jefa ta a durowa har lokacinta ya yi, sannan ya juye ƙasar a roba ya kwarara mata ruwa. Kafin 'yan awoyi, 'ya'yan kifi sun fara yawo.

Cinikin masu kiwon kifin damina ke nan, wanda Turawa ke kira kilifish. Kifin ado ne, ba na miya ba, babbansa da ƙyar yake kai tsawon yatsa. Masu kiwonsa suna da tsofaffin ƙungiyoyi: ta Amurka an kafa ta a 1962, ta Birtaniya a 1965, ta Jamus a 1969. Kowace shekara suna taro, a jera akwatunan gilashi, a yi gasar kyau, a yi gwanjon ƙwai. A ƙasar Gumel babu mai rumfar wannan haja, ko a kasuwar Maigatari ta ranar Alhamis, inda ake samun komai daga raƙumi har kanwa. Amma ɗaya daga cikin kifayen da waɗancan mutane ke shan wahalar nema ɗan Jigawa ne.

A 1928 wani Bajamushe masanin dabbobi, Ernst Ahl, ya rubuta bayanin wani ɗan kifi da aka kamo a Kogin Kiyawa ta wajen Katagum, ya raɗa masa suna kiyawensis, kuma da sunan ake kiransa har yau a duk duniya. A 1969 Alfred Radda na ƙasar Ostiriya ya ware masa dangi na kansa, Pronothobranchius. Namijin yana da ɗigo-ɗigon ja a jiki mai sheƙi, da faffaɗan fiffike. Macen toka-toka ce, ba mai waiwayarta. Yana da 'yan uwa a Gambiya da filayen Akara na Gana, da wani a Jamhuriyar Nijar wanda Stefano Valdesalici ya bayyana a 2013. Babban gidansu kuwa, Nothobranchius, yana Gabashin Afirka ne, inda irinsu ya haura 80, kuma ɗaya daga cikinsu ya iso har Chadi da arewacin Kamaru.

Mutanenmu sun daɗe suna ganin tafkin da ya ƙafe tun kaka, aka yi ta buga tubali a cikinsa duk rani, ya wayi gari da kifi bayan ruwa ya zauna. Yaro ya tambaya, "Baba, ta ina suka shigo?" a ce masa, "Da ruwan sama suka faɗo." Masunta sun fi haka sani. Sun san tarwaɗa takan ja ciki ta bi jiƙaƙƙiyar ciyawa daga wannan ruwa zuwa wancan. Sun san gaiwa takan nutse cikin taɓo, ta naɗe kanta da yauƙi, ta kwanta har wata damina, shi ya sa ake haƙo ta da fartanya a tsakiyar rani. Dabarar kifin damina ita ce ta uku, kuma ta fi sauran tsauri. Ba ya gudu, ba ya ɓuya. Mutuwa yake yi, uwa da uba, ba mai saura. Abin da ke tsallake rani shi ne ƙwan da suka bari a cikin laka.

Ƙwan bai fi milimita 1 da 'yan kai ba, amma ɓawonsa na da tauri. Ɗan tayin da ke ciki yana iya tsayar da girmansa cak a wurare 3, kamar yadda John Wourms ya bayyana a 1972: tun yana farkon haɗuwa, ko bayan siffar jiki ta fara fitowa, ko bayan halitta ta kammala yana jiran ruwa kawai. Manomin gero na Gagarawa ko Sule Tankarkar ba ya bukatar dogon bayani a nan, domin binne ne sak. Ka zuba iri a busasshiyar ƙasa ka bar shi yana jiran ruwan fari, kana kuma sane da haɗarin: in aka yi yayyafin da ya isa ya tsirar da iri amma bai isa ya raya shi ba, an yi asara. Shi kifin an hore masa maganin wannan. Ƙwan uwa ɗaya ba sa farkawa tare. Wasu su fashe a ruwan farko, wasu su ƙi sai na biyu, wasu sai na uku. In ruwan farko ya yaudari na gaba, na baya suna nan.

Duk sana'ar a nan take. Mai kiwon tarwaɗa gwanin ruwa ne. Mai kiwon kifin damina dole ya zama gwanin rani. Riƙe kifin da rai a gilashi, ɗan sakandare zai koya a mako biyu. Gwanintar ita ce ka ƙirƙiri rani a cikin leda, ka san iyakar danshinsa da zafinsa da tsawonsa, sannan ka san ranar da za ka saukar da damina. Wanda ya kasa wannan, duk kyan kifinsa, cikin shekara ɗaya akwatinsa ya zama kango, domin kifin ba ya daɗewa ko da an ba shi gatan duniya.

Kayan aikin ba su da yawa. Akwatin gilashi mai cin lita 20 zuwa 40 ya ishi namiji ɗaya da mata biyu ko uku. Maza biyu a ƙaramin wuri faɗa ne har ɗaya ya kwanta, mace ɗaya kuma namijin zai matsa mata har ta rame. Ana sa murfi, don dangin nan akwai masu tsalle. Ba a zuba yashi ko tsakuwa a gindin akwatin, ana barinsa fayau, sai a ajiye 'yar roba mai zurfi a kusurwa, a zuba mata abin da zai tsaya a madadin laka. Turawa ruɓaɓɓiyar gansakuka suke sawa, wadda ake haƙowa a fadamun ƙasashen sanyi. Yanzu da yawa sun koma garin ɓawon kwakwa, wanda ya fi sauƙin samu a wajenmu. Ko wanne ne, sai an tafasa shi an wanke tukuna.

Kifin ba ya ɓata lokaci wajen gane amfanin robar. Namijin ya matso kusa da mace yana karkaɗa jiki, ya buɗe fiffikensa gaba ɗaya, launinsa ya ƙara kaifi. In ta yarda sai su sauka tare, ya rungumo ta da fiffiken baya, ya danna ta cikin ƙasar, su yi 'yar karkarwa ta daƙiƙa ɗaya ko biyu, su rabu. Ƙwai ɗaya ya shiga ke nan. Su sake, su kuma sakewa, yau da gobe da jibi, ba hutu. Macen da ke cin mai kyau tana zuba gommai a yini.

Bayan mako ɗaya ko biyu sai a ɗauko robar, a juye ƙasar a tsumma mai laushi, a matse a hankali, a baza a kan tsohuwar jarida ta sha iska. A nan hannu ke aiki, ba ma'auni ba. Ana so in ka dunƙule ta ta dunƙulu, amma ruwa bai ɗiga ba, in ka taɓa ta da yatsa kuma ta wargaje. In ta jiƙe da yawa ƙwan ya ruɓe, in ta bushe ƙayau ya mutu. Sai a zuba a leda, a bar mata 'yar iska, a ɗaure, a rubuta suna da kwanan wata, a ajiye a duhu. Tsawon jiran ya danganta da iri da kuma zafin wurin. Na Zanzibar, guentheri, wanda ake ba 'yan koyo shawarar su fara da shi, wata 2 zuwa 3 ya ishe shi. Na Beira a Mozambik, rachovii, wanda da yawa ke cewa ya fi duka kyau, yakan kai wata 5 ko 6.

Gwani ba ya dogara da kalanda kaɗai, dubawa yake yi. Ya ɗebi ƙasar kaɗan ya baza a farar takarda, ya haska tocila, ya sa gilashin ƙara girma yana tonawa da tsinke. Ƙwan da bai nuna ba garau yake, ana hango bayansa ta cikinsa. Wanda ya yi fari fat ya mutu, a fitar da shi. Wanda ya nuna kuwa, idanu biyu za ka gani, baƙaƙe, kowanne da zobe ruwan zinariya, suna kallonka ta cikin ɓawo, in hasken ya dame shi har juyi yake. In mafi yawa sun kai haka, ranar damina ta zo. A juye ƙasar a roba mai faɗi, a zuba ruwa mai ɗan sanyi, zurfin kamar yatsa uku, in da ruwan sama ya fi. Wanda ya yi gaggawa, ko ya yi sakaci lokaci ya wuce, yakan samu 'ya'yan da jakar iskar cikinsu ba ta cika ba, sai su riƙa jan ciki a ƙasa ba sa iya tashi. Waɗannan ba sa yin albarka. Bayan an kwashe waɗanda suka fito, ba a zubar da ƙasar. A sake matse ta, a mayar leda, a jira mako uku ko huɗu a sake jiƙawa. Sau da yawa zubi na biyu ya fi na farko yawa, kuma a nan ake gane ɗan koyo, domin shi tuni ya watsar da rabin jarinsa a bola.

Ɗan kifin yana fitowa da yunwa. Ba a fafe gora ranar tafiya: kwana ɗaya kafin a jiƙa ƙasa ake haɗa abincinsa. Atimiya ce, ƙwan wani mitsitsin jatan lande da ake zubawa a kwalbar ruwan gishiri, a sa iska tana motsa shi, ya fashe cikin kwana ɗaya zuwa biyu. Masu ƙyanƙyasar tarwaɗa sun san ta sarai, a wurin masu sayar musu da kaya ake samunta. In an ciyar da su sau biyu ko uku a rana, ana sauya ruwa a kai a kai, cikin mako uku zuwa huɗu maza sun fara launi, mako shida mata sun fara zuba ƙwai. Manyansu ba sa son busasshen abincin gwangwani. Mai motsi suke so, tsutsar sauro, jar tsutsar taɓo, ƙumar ruwa, yankakkiyar tana. Babban abokin gabarsu wata cuta ce da ke sa jikinsu ya yi ƙura-ƙura ruwan zinariya, su tsuke fiffike, su mutu cikin kwanaki. Rigakafinta gishiri ne, kamar cokalin shayi ɗaya a lita 4 ko 5, da tsabtar ruwa.

To, mutumin Gumel da ke son shiga wannan harka, me ke gabansa? Ruwa ba shi ne matsala ba, duk da masarautar ba ta da kogin da ke gudana rani da damina. Jarka biyu a mako ta ishi akwati biyu ko uku, kuma na burtsatse yana yi. In na famfo ne mai kulorin, a bar shi ya kwana a buɗe. Wuta ma ba dole ba ce sosai. Kifin tafki ne, ya saba da ruwan da ba ya gudu, ƙaramin injin iska da 'yar sola za ta ɗauka ya wadatar. Matsalar zafi ne da sanyi. Kifin ya fi sakewa tsakanin digiri 22 da 26, alhali a Afrilu da Mayu muna haura 40, daren hunturu kuma ruwan roba yakan yi sanyin da kifin zai daina cin abinci. Ƙwan ma zafi na ruɗa shi. In wurin ajiya ya kai digiri 30, ɗan tayin yakan ƙi tsayawa hutunsa, ya kammala tun ba a shirya masa ba.

A ganina maganin shi ne kada a yi jayayya da shekara. Baturen Jamus yana biyan kuɗin wuta ne don ya kwaikwayi yanayin da mu muke zaune a cikinsa kyauta. A jiƙa ƙasa a ƙarshen Yuni ko farkon Yuli, lokacin da gari ya yi sanyi kuma kowane kududdufi cike yake da abincin kifin. A yi ta kwasar ƙwai har kaka. In iyaye sun tsufa sun tafi, a wanke akwati a kife, a bar jarin yana kwance a leda. Wurin ajiyar ma muna da namu. Tukunya cikin tukunya, da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, wadda Mohammed Bah Abba ya yaɗa a ƙauyukan Jigawa don adana tumatir da yalo har ta kai shi ga lambar yabo ta Rolex a 2000, za ta iya riƙe ledojin ƙwai da sanyi a tsakiyar bazara, muddin ana yayyafa wa yashin ruwa. Sharaɗi ɗaya game da tsutsar sauro: a kamo ta a ba kifi a ranar. Wanda ya tara ta a bokiti ya manta, zazzaɓi yake kiwo wa iyalinsa da maƙwabta.

Akwai wata doka a wannan sana'a da ba a rubuta ta a kundin kowace gwamnati ba, amma wanda ya karya ta ya fita daga sahu: ba a haɗa kifin wani tafki da na wani, ko da sunansu ɗaya. Kowace zuri'a tana tafiya da sunan wurinta. Akwai rachovii da ake kira Beira 98, wato wanda aka kamo a Beira a 1998, kuma duk jikokinsa da ke Turai da Asiya da wannan lamba ake sayar da su. Wanda ya duba jerin hajar waɗannan ƙungiyoyi zai yi ta cin karo da Makurɗi da Lafiya da Lakwaja da Akure da Jos, sunayen wuraren da aka kamo wani ɗan uwansa na Najeriya, gardneri. Mutumin da bai taɓa taka Afirka ba yana riƙe da zuri'ar kifin Lafiya shekaru da dama bai gauraya ta ba, mu kuwa ko labarin ba mu da shi. Abin da ɗan ciwo. Dalilin dokar a fili yake: in tafkin asali ya ɓace, abin da ke cikin ledojin nan ne kaɗai ya rage, kuma gauraye ba ya komawa.

Tafkunan kuwa suna ɓacewa. Madatsar Tiga ta 1974 da ta Challawa ta 1992 sun sauya yadda ambaliya ke sauka a fadamun Haɗeja. Kwarin da dā ake bari ya cika ya ƙafe da kansa yanzu shinkafa ce a ciki, da maganin feshi. Wani a cike shi a yi fuloti, wani a zurfafa shi a zuba tarwaɗa, wadda ba ta barin komai mai motsi. Kifin da rayuwarsa ta rataya a kan tafki ya bushe sannan ya cika, ko wanne aka hana shi an gama da shi.

Batun kuɗi fa? Gaskiya ɗaya ce, wannan ba sana'ar da za ta ciyar da gida a shekarar farko ba ce, kuma duk wanda ya ce maka ka sayar da tumakinka ka shiga, ba masoyinka ba ne. Da ruwan ciki ake jan na rijiya. A fara da akwati ɗaya. Kasuwar waje tana nan, ana gwanjon ƙwai a intanet a wurare irin AquaBid, ƙwai 30 ko 50 a leda, amma ba a saye sai a hannun wanda aka san ba ya ha'inci a suna da lissafi, kuma fitar da abu mai rai daga Najeriya sai da izinin hukumar kula da kamun kifi da ta killace kayan gona ta tarayya. Kasuwar gida ƙarama ce: masu sha'awar kifin ado a Kano, ofisoshi da otal-otal, sai makarantu. Na makarantun ne na fi gani da makoma, domin babu wata dabba mai ƙashin baya da ɗalibi zai bi ta daga ƙwai zuwa tsufa cikin zangon karatu ɗaya kamar wannan.

Masana na waje sun riga sun gane haka. Wani ɗan gidan Nothobranchius, furzeri, wanda aka fara kamowa a dajin Gonarezhou na Zimbabuwe a 1968, wata 3 zuwa 4 kawai yake yi a duniya, a cikinsu ya girma, ya haihu, launinsa ya dushe, bayansa ya ranƙwafa. Saboda haka cibiyoyin binciken tsufa a Jena ta Jamus da Jami'ar Stanford ta Amurka suka rungume shi, suka fitar da taswirar ƙwayoyin halittarsa a 2015. A 2018 masana daga Jamhuriyar Cek suka tabbatar a tafkunan Mozambik cewa yana balaga cikin kwana 14 da fashewa. A 2020 kuma na Stanford suka nuna cewa watannin da ɗan tayin ya yi yana kwance a ƙwai ba sa rage masa komai daga kwanakin da zai yi bayan ya fito. An taɓa sa rai da dangin nan wajen yaƙi da sauro, tun rubutun F. L. Vanderplank na 1941 a Gabashin Afirka, amma a 2010 wasu masana suka yi gargaɗin cewa amfanin kaɗan ne, ɓarnar kai baƙon iri tafkin da ba nasa ba kuwa tana iya yin yawa. Don haka wanda ya sayo na Zanzibar ko na Beira, ya riƙe abinsa a gilashi. Ko ruwan wankin robarsa kada ya kai tafki.

Kirana ga malaman ilimin halittu ne na Kwalejin Ilimi ta Gumel, da na Jami'ar Tarayya ta Dutse, da na Jami'ar Sule Lamido ta Kafin Hausa, da duk matashin da ke da haƙuri da littafin rubutu. Ku nemi na gida kafin ku sayi na waje. Ba a jigawa mai tsotse ruwa ake nemansa ba, a baƙar laka mai tsagewa da rani ake nema, a ƙananan tafkunan da ba su haɗe da kogi ba, irin na wajen Kiyawa da fadamun Haɗeja. Ku fara da gaida Sarkin Ruwa, ku nuna wa masunta hoton namijin, domin su ne suka san abin da suke zubarwa daga komarsu saboda ƙanƙanta. Ku sa takalmin roba saboda tsargiya, ku yi amfani da raga mai ƙananan idanu, ku bi gefen ciyawa. In Allah ya sa an dace, kada a kwashe. Maza biyu da mata huɗu sun isa kafa zuri'a. A rubuta sunan ƙauyen da ranar tun ana bakin ruwa. Lokacin nema daga Agusta ne zuwa ƙarshen Satumba. Wanda ya bari Oktoba ta yi nisa, sai baɗi.